Ƙarƙashin Famfo

Rabe kafinta ya zo da hantsi, fensir a bayan kunne,
ya ajiye guntaye biyu a bakin tagar kicin.
Ya ce, Hajiya, taɓa ki ji.

Na farko fari fes, santsi kamar tangaran,
har ina hango inuwar goshina a ciki.
Na biyu ja-ja ne, da kaushi, da nauyi,
ɗan maɗaci, ba ya yi wa kowa murmushi.

Ya ce, wannan garin katako ne aka matse da gam
aka ɗinka masa riga.
Ran da ya sha ruwa zai kumbura kamar burodi a shayi.
Wancan kuwa zai binne ni, ya binne ki,
sai dai kuɗinsa ninki uku ne, ban da hinji.

Gidan nan na Ƙofar Marusa
da garatutina na saye shi.
Shekara talatin da biyar ina karɓar haihuwa,
kowane bulo a nan kukan jariri ne da tsakar dare.
Masu hayar baya sun tashi bayan ƙaramar salla,
sun bar mini tabon manja a bango
da ƙofar kabad ɗaya tana lilo kamar haƙorin tsoho.

Dikko, ɗan ƙanena, mai lissafi a waya,
ya ce, Gwaggo, gidan haya ne fa.
Ke za ki zauna a ciki?
Sa mai ƙyallin, dillali ya ɗauki hoto,
kafin ya ruɓe kin karɓi kuɗin shekara uku.

Ban ce ƙarya yake ba.
Fansho ba ya zuwa ran da aka ce zai zo,
kwanon ɗakin baya yana yoyo,
mai fenti ya aiko yaronsa sau biyu.

Amma na tuna Dutsin-ma.
Ina sabuwar ma'aikaciya, ciki da falo,
da kabad ɗin da na tokare da gwangwanin madara
har shekara huɗu.
Kyankyasai sun kafa gari a ƙarƙashin famfo,
garin tuwona kullum yana warin rima.
Mai gidan sau ɗaya na taɓa ganinsa,
amma duk safiyar da na ture ƙofar nan da ƙafa
sai na gaishe shi,
gaisuwar da ba zan maimaita a gaban yara ba.

Ba na so wata ta riƙa gaishe ni haka.

Na durƙusa, gwiwa tana ƙara,
na leƙa inda bututu ke ɗiga a cikin duhu,
na sa hannu, na ji sanyin siminti.
Na ce, Rabe, ƙasa duka maɗaci,
daga nan har kusurwar tukunyar gas.
Hinji mai kauri, kar ka kawo mini na gwangwani.
Sama kuwa, inda kofi da faranti kaɗai za su kwana,
sa mai rigar, ya yi ta ƙyallinsa.

Dikko ya ce, kin binne kuɗi inda ido ba ya zuwa.
Na ce, cibiya ma a ƙarƙashin riga take,
ban taɓa yanke ta da ganganci ba.

Sati uku ana zarto.
Mai fenti ya yi haƙuri da rabi.

Jiya wata malamar firamare ta zo dubawa,
da goyo a baya, da mijinta a bakin ƙofa.
Ta buɗe na sama, ta shafa, ta ce kai, ya yi kyau.
Ba ta sunkuya ba.
Ta ce ko za a yi musu ragi.

Na ce sai na yi shawara,
ina kallon ƙafarta kusa da maɗacin.